Kukan Tsirkiya ta Huɗu: Yadda Gyaran Jitata ke Tafiya a Hunturun Jos

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Jitata ta tashi da wani kuka da ban san ta da shi ba. In na kaɗa tsirkiya ta huɗu, mai muryar D, ban danna komai ba, sai ta ba da sautinta sannan ta raka shi da "zirrr", kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Uwargida ta ce ita ba ta ji komai ba. Ni kuwa shekara shida abin nan yana kan cinyata, ko tari ya yi na sani.

A wajen makaɗanmu na gargajiya irin wannan kuka ado ne. Mai garaya da gangan yake maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan sandarta don ta riƙa yi masa kacau-kacau. Jita ba ta gaji haka ba, balle a gaban makirfo. Abokina mai ɗan situdiyo a bayan Titin Bauchi ya sa mini ranar 11 ga Janairu in je in ɗora masa jita a kan waƙoƙi biyu, kuma makirfon situdiyo ko haɗiyar miyau ba ya yafewa.

Ga wanda bai saba da jita ba, tsirkiya a wuri biyu take zaune. A ƙasa, bisa cikin jitar, akwai jaki kamar na goge. A sama, inda wuya ya haɗu da kai, akwai wani ɗan farin abu mai gurabe shida, kowace tsirkiya da nata gurbin. Samarin situdiyo "not" suke ce masa, ni jakin sama nake kiransa. Ƙarafan da aka gicciya a wuya kuwa su ne firet.

Na fara da abubuwa masu arha. Na ƙwanƙwasa jikin jitar ko'ina ko wani katako ya saki a ciki, shiru. Na ɗaure notocin maɗauran tsirkiya da suka yi sako-sako, na datse jelar wayoyin da suka yi cirko-cirko a kai. Na cire tsirkiyar D na sa sabuwa. Kukan yana nan daram. Abu ɗaya na lura da shi kafin in kwanta: da zarar na danna firet na farko, ko wani firet ma, kukan ya ɗauke.

Lahadi, 15 ga Disamba

Ƙanena ya zo da yamma, shi ma yana taɓa kiɗa. Sau biyu ya kaɗa ya yanke hukunci: "Yaya, wuya ne. Hunturu ya miƙar da shi. A sassauta ƙarfen ciki kawai."

Ƙarfen da yake nufi sanda ce da aka binne a tsawon wuyan jita. Tsirkiyoyi shida na irin wannan jita suna jan wuya da ƙarfin da ya haura kilo 70, ita kuwa sandar tana ja ta ɗaya ɓangaren don kada wuyan ya lanƙwashe. In ka juya ta dama da alanki wuya ya miƙe, in ka juya hagu ya ɗan rusuna gaba, tsirkiya ta ɗaga. Na biye masa, muka juya hagu rubu'in zagaye. Kukan ya ragu, gaskiya, amma bai mutu ba, kuma daga firet na 5 zuwa na 9 tsirkiyoyi suka yi sama har dannawa ta zama aiki. An rufe ƙofa da ɓarawo a ciki ke nan. Na mayar da alankin daidai inda yake, don na riga na yi wa wurin alama da fensir.

Da ya tafi na zauna na yi tunani. In ka danna firet, yatsanka ne ya zama farkon tsirkiya, jakin sama ya fita daga lissafi. To in kuka ba ya zuwa sai tsirkiya tana sake, mai laifin yana tsakanin jakin sama da firet na farko. Gwajinsa ba ya cin ko sisi. Ka danna tsirkiya tsakanin firet na 2 da na 3, ka kawo ido kusa ka dubi saman firet na farko. Ya kamata a ga ɗan haske tsakanin tsirkiya da ƙarfen, kamar kaurin takarda. In ka ɗan buga ta da yatsa a wurin za ka ji "tik". Ta shida, mafi kauri, ta yi tik. Ta biyar ta yi tik. Ta huɗu shiru, kwance take male-male a kan ƙarfen. Ta uku kuwa tik ɗinta sai ka kasa kunne.

A nan dole in tona asirin kaina. A watan Agustan da ya wuce, ana tsakiyar ruwa, tsirkiyoyi sun yi mini tauri a firet na farko, yatsuna na ciwo. Na karyo guntun zarton ƙarfe na zurfafa gurabe huɗu, babu awo, babu komai, da ido kawai. A kan na D na fi daɗewa saboda a ranar ita ta fi ba ni haushi. Garin neman gira na rasa ido, sai dai idon bai sanar da ni ba sai da hazo ya sauko.

Talata, 17 ga Disamba

Bayan na tashi aiki na biya Dilimi wajen wani makanike da muka saba, na aro filagejinsa, wato 'yan siraran faifan ƙarfen nan masu lamba da suke auna bakin fulogi da bawul. Na ƙarami 0.05 na milimita ne, suna hawa har 1.00. Ya ce, "Malam, mota ka saya ba labari?" Na ce masa jita ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in dawo masa da shi kafin sabuwar shekara.

Ga abin da na samu a saman firet na farko, ina danne da tsirkiya a gaban na 2. Ta shida da ta biyar 0.15 kowacce. Ta biyu da ta ɗaya 0.10. Ta uku, faifan 0.05 ya shiga da ƙyar yana ɗaga ta. Ta huɗu babu ƙofa ko kaɗan. Na kuma auna lanƙwasar wuya: na sa kafo, wato ɗan maƙalin da ke danne tsirkiyoyi duka, a firet na farko, na danna na 14, na zura faifai a na 7, ya ba ni 0.25. Wannan lafiya lau ne, wuya ba shi da laifi, ƙanena ya ci bashin haƙuri. Na ɗora gefen tsohon katin banki a kan firet uku na farko ko na farkon ya taso, katin ya kwanta daidai a kan dukansu ukun.

Abin da ya dame ni shi ne, me ya sa daga Agusta har Nuwamba ba ta yi kuka ba? Amsar tana cikin wani tsohon littafina. Ranar da na yi ɓarnar na rubuta tsayin tsirkiya ta shida a firet na 12: milimita 2.5. Yau 2.0 ne. Jos tana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma in hunturu ya kankama iska tana bushewa ƙarau, leɓe ya tsage, ƙofar katako ta saki. Masu ƙera jita sun fi son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. In ta faɗi ƙasa sosai, fuskar jita tana tsukewa ta lotsa ciki, jakin ƙasa ya bi ta. Firet na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya cif, don haka raguwar rabin milimita a wurin na nufin jakin ƙasa ya sauka milimita ɗaya cur.

To nawa ne rabon firet na farko a wannan saukar? Tsawon tsirkiyata daga jaki zuwa jaki milimita 648 ne. Ana samun mazaunin firet na farko ne in an raba wannan da 17.817, ya ba da 36.4. Ke nan kusan kashi 5.6 cikin ɗari na saukar ne ke isowa wurin: 0.056 na milimita, rabin kaurin takardar fotokwafi. Gurbi mai lafiya ba zai ma san an yi ba. Nawa da na riga na cinye masa duk rararsa, wannan ɗan abin ne ya ƙarasa shi. Ɗan hakin da ka raina.

Don in tabbatar, na sassauta tsirkiyar, na yanki ɗan ƙyallen takarda na ninka biyu na shimfiɗa a gurbin, na mayar. D ta fito tas. Na kaɗa ta ya fi sau ashirin don daɗi kawai.

Asabar, 21 ga Disamba

Takarda ta lotse cikin kwana uku, kukan ya leƙo. Dama ba magani ba ce.

Dabarar da masu gyara ke yi in ba sa son cire jakin sama ita ce su cika gurbin da garin bekin soda, su ɗiga masa sufa gulu mai ruwa-ruwa. Su biyun in sun haɗu suna daskarewa cikin daƙiƙoƙi, su yi tauri har a iya goge su da magagari. Na aiki ɗan maƙwabta wajen masu kayan kek a Taminus, ya dawo mini da bekin hoda. Ba ɗaya ba ne: ita hodar an gauraya ta da sitati da wani sinadari mai tsami. Uwargida ta karɓe ta ce ta gode. Ta kuma ba ni shawarar in daka kanwa, tunda 'yar'uwar soda ce. Da gaskiyarta, amma kanwar kasuwa ba ta rabo da yashi, ban son tsakuwa a ƙarƙashin tsirkiya. Na tafi da ƙafata na sayo sodar.

Na lulluɓe katakon gaba da bayan jakin da tef ɗin takarda, biyu-biyu. Na zuba garin a gurbin, na danna shi da tsinken sakace. Sai na yi wauta: na matsa gam ɗin kai tsaye daga bututunsa. Maimakon ɗigo ɗaya, uku suka zubo, suka malala har gurbin tsirkiya ta uku, mai muryar G, wani ya gangara kan tef, wani ya haɗe mini babban yatsa da manuni. Na ji ɗumin haɗuwar tasu a fata, wani tururi kuma ya hau mini ido har da hawaye. A buɗe taga in za a yi wannan aiki, kuma kada a goge sufa gulu da auduga, zafi take ɗauka. Ruwan goge jan farce ne ya raba mini yatsun. Shi ma kada ya kusanci fentin jita, yana iya cinye shi.

Tef ya ceci katako. Gurabe biyu dai sun toshe gaba ɗaya. Na rataye ta na fita shan iska.

Lahadi, 22 ga Disamba

Akwai magagaran da aka ƙera musamman don wannan aiki, kowane da kaurin tsirkiyarsa, gindinsa a zagaye. Na zaga shagunan kayan kiɗa na wajen Titin Ahmadu Bello ban samu ba, wanda na gani a intanet kuwa kuɗin saitin ya kusa kuɗin jitar. Sai na nufi 'yan walda. Suna da wani ɗan kunshin siraran wayoyi masu kaushi da suke share bakin tocin gas, kauri daban-daban. Tsirkiyar D tawa inci 0.032 ce, wato milimita 0.81, G kuwa 0.024, wato 0.61. Na zaɓi wayoyin da suka ɗara waɗannan kaɗan, don gurbi ya karɓi tsirkiya ba tare da ya cije ta ba.

Wayoyin ba sa ci da sauri, kuma wannan alheri ne ga mai hannu irin nawa. Goga biyar, in mayar da tsirkiya, in ɗaure ta a muryarta, in danna, in auna, in sassauta, in sake. Dole gurbin ya gangara wajen kan jita, ta yadda tsirkiya za ta tashi daga bakinsa na gaba, wanda ke kallon firet. In tudun ya koma tsakiya ko baya, tsirkiya za ta riƙa rawa a cikin gurbin, a samu wani sabon kuka, muryar ma ta kauce. Sau goma sha ɗaya na ɗaure na kwance D. Na tsaya a 0.13 a lissafin ido, tsakanin faifan 0.10 da na 0.15. G na bar ta a 0.10. Na goga bakin fensir a ciki don santsi.

Shiru. Babu ƙuda, babu kwalba.

Alhamis, 26 ga Disamba

Na huda murfin mazubin sabulu, na jiƙa soso na matse shi sosai na sa a ciki, na ajiye a akwatin jitar wajen kai. Na daina rataye ta a bango. Bakin firet da suka fara kartar hannu a gefen wuya, shi ma aikin bushewa ne: katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba. Sanyin asuba kwanan nan sai da safa.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Ina canza tsirkiyoyi saboda ranar situdiyo, na ɗaga D, sai wani ɗan farin ƙwalli ya yi tsalle ya faɗi kan tabarma. Cikon ne, ɗungurungum, da siffar gurbin a jikinsa. Na gane kuskurena nan take: ban kankare tsohon gurbin ba kafin in cika. Shekaru ina zuba masa baƙin fensir, ga maiƙon hannu, gam bai sami abin kamawa ba. Da na haska fitilar waya kuma na ga wata siririyar tsaga ta taso daga gindin gurbin ta gangara. Jakin roba ne mai rami a ciki, zartona na Agusta ya kusa huda shi.

Na sake cikawa, wannan karon na goge ciki da ninkakken samfefa tukuna, na ɗauki gam da bakin allura. Zai kai ni ranar 11. Amma wannan jakin ya gama yayinsa.

Da la'asar na je kasuwar Katako wajen wani dattijon kafinta, abokin marigayi mahaifina. Na nuna masa hoton a waya, na ce ina tunanin in cire jakin in sa masa siririn katako a ƙasa ya ɗaga gaba ɗaya, sai in sake daidaita guraben. Wannan hanya ce da ake bi, kuma tana aiki in jakin lafiyayye ne. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, abin da ya tsage kake so ka yi wa matashi? Me ake yin na kirki da shi?" Na ce, "Ƙashi, Baba. Ƙashin sa." Ya ce, "To garin nan shanu suka ƙare?"

Mahaucin unguwarmu ya ware mini ƙashin ƙwauri guda, na ƙafar baya, mai kaurin bango. Ya tambaye ni miya ce ko magani. Na ce kiɗa ne. Bai sake cewa komai ba.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na yanke kawunan biyu da zarto, na zaƙulo ɓargo, na tafasa shi awa biyu da garin wanki a tsohuwar tukunya, a tsakar gida, don an hana ni madafi. Na tsaga shi a tsaye na fitar da gunduwa uku, kowace ta ɗara abin da nake bukata: tsawo milimita 43, kauri 5, tsayi wajen 9. Babban abokin gaban ƙashi maiƙo ne. In bai fita ba, zai riƙa tsattsafowa a hankali, ya hana gam kamawa, ya ɓata katako. Na zuba gunduwoyin a kwalba mai murfi na rufe su da fetur, na kai bayan gida nesa da murhu da yara.

Asabar, 11 ga Janairu

An yi situdiyo, ciko ya riƙe. Abokina ya ce D ɗin ta ɗan fi sauran dushewa in tana sake. Ban ba shi labari ba. Na canza fetur ɗin kwalba, na farkon ya koma rawaya.

Asabar, 18 ga Janairu

Na tsamo ƙasusuwan ranar Laraba, suka sha iska a inuwa kwana uku. Na ɗora su a kan farar takarda cikin rana na awa guda, babu tabon mai. Aƙalla hunturu ya yi mini rana sau ɗaya.

Cire tsohon jaki: na bi gefensa da sabuwar reza na yanke fentin da ya haɗe shi da katako, na jingina guntun katako a fuskarsa ta wajen firet, na ɗan buga da ƙaramar guduma. Bugu na biyu ya fita. A gefe ɗaya rezata ba ta shiga sosai ba, fenti ya ɓantare kamar ƙwayar gero. Zan riƙa ganinsa har abada, ba wanda zai lura. Na kankare busasshen gam daga mazaunin har ya yi sumul.

Na je da komai rumfar Baba, saboda yana da abin matse aiki da gilashi mai kauri. A kan gilashin muka manna samfefa, na goge gindin ƙashin da fuskarsa ta gaba har suka miƙe suka yi kusurwa daidai. Wannan ne ya fi cin lokaci, kusan awa biyu, ina gogawa ina gwadawa har ya shiga mazauninsa ba ya motsi ba a kuma tilasta shi ba. Ƙurar ƙashi warin gashi mai ƙuna take yi, na ɗaure hanci da takunkumi. Na tara garin a takarda, don ya fi soda kyau wajen ciko in an sake bukata.

Baba ne ya tsaga mini fensir biyu a tsawonsa, ya goge cikin ya yi fes. In ka kwantar da wannan rabin fensir a kan firet ka ja bakinsa a fuskar ƙashi, zai zana layi daidai tsayin firet, har da lanƙwasarsu. Ƙasa da wannan layi haramun ne. Da Agusta na san haka!

Rabon gurabe kuwa lissafi ne. Na bar milimita 3 a kowane gefe, saura 37. Kaurin tsirkiyoyi shida in an tara, daga 0.30 na ƙaramar har 1.35 na babbar, 4.55 ne. In an cire, saura 32.45, a raba gida biyar, kusan 6.5 ke nan tsakanin kowace tsirkiya da maƙwabciyarta. Na fi son wannan a kan raba tsakiyarsu daidai-wa-daida, domin ta can manyan tsirkiyoyi sukan cunkushe a ƙarƙashin yatsa.

Gunduwa ta farko ta mutu a hannuna. Ina fara gurbin ta biyar, mai muryar A, wayar ta zame gefe, ramin ya kauce kusan milimita ɗaya, tsirkiyoyin suka zauna kamar haƙoran tsoho. Na ce ko in cike da garin ƙashi. Baba bai ɗago daga aikinsa ba, ya ce, "Ba uku ka yanka ba?"

Lahadi, 19 ga Janairu

Gunduwa ta biyu. Wannan karon na fara yi wa kowane gurbi ɗan tsagi da reza a kan alama, don waya ta sami hanyar bi. Na kuma yi wa kaina birki. Tsayin firet ɗina milimita 1.0 ne, sai na haɗa faifan filageji suka kai 1.3, na kwantar da su a jikin ƙashin, na ɗaure da roba. Da zarar waya ta taɓa ƙarfe na ji sautin ya sauya, in tsaya. Daga nan sauran tafiyar da gwajin tik ake yi, goga uku-uku. Guraben D da G na ɗan karkata bayansu wajen maɗauransu, saboda su ne suka fi buɗewa gefe bayan sun bar jaki.

Ƙashi ya fi roba tauri nesa ba kusa ba, wayoyin walda biyu suka yi sulɓi. Manyan gurabe na ƙarasa su da guntun tsohuwar tsirkiya mai naɗi, ina ja kamar mai wasa igiya. Da na gama na rage saman ƙashin har manyan tsirkiyoyi suka zauna rabi a ciki rabi a waje, ƙananan biyu kuwa suka nutse daidai bakinsu. Gurbi mai zurfi da yawa yana riƙe tsirkiya, shi ne kake ɗaurewa ka ji "ƙyas" murya ta yi tsalle.

Wani abu ya faɗo mini ina cikin aikin. Yanzu ne lokacin da ya dace a yanka gurbi a garin nan, lokacin da fuskar jita take can ƙasa. In ya wuce gwaji a Janairu, damina sai dai ta ƙara masa sarari. Ni na yi nawa a Agusta, jita na kumbure da laima, na auna ta a ranar da ta fi kowace rana tsayi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mako guda ina kaɗawa a kan sabon ƙashi. Ban manna shi ba tukuna, nauyin tsirkiyoyi ya ishe shi zama. In na gamsu zan sa ɗigo biyu na farin gam ɗin kafinta, ba sufa gulu ba, don wanda zai cire shi nan gaba kada ya tsine mini. Soson akwati ya yi aiki: firet na 12 ya hau zuwa 2.2, kaifin gefen wuya ya ragu. Awon yau: ta shida da ta biyar 0.15, D tsakanin 0.10 da 0.15, G 0.10, ta ɗaya 0.10. D a sake tana fita garau, kuma ta fi daɗewa tana amo kafin ta mutu. Ƙanena ya ce sautin duka ya canza. Ina ganin ya ƙara gishiri, tunda tsirkiyar da aka danna ba ruwanta da jakin sama.

Saura ta biyu, mai muryar B. Tana kan 0.25, ta yi sama. Alamar a fili take: in na ɗaure ta daidai a sake, sannan na danna firet na farko, manhajar wayata, wadda ke raba tazarar firet ɗaya gida 100, tana nuna ta haura da 8 ko 9, saboda sai na ja ta da nisa kafin ta taɓa ƙarfe. Kaurinta 0.41 ne, wayar walda mai wannan kauri kuwa lanƙwashewa take kamar gashi, ba ta cin ƙashi. Dabarar da ta rage ita ce in ɗauki faifan filageji na 0.45, in zagaye gefensa, in yi masa 'yan haƙora da magagari ya zama ɗan zarto. Na riga na ɗauko faifan na riƙe magagari kafin in tuna ba nawa ba ne, kuma wa'adin mai shi ya wuce da kwana 26. Gobe in Allah ya kai mu zan kai masa abinsa da goro, in tambaye shi inda ake sayar da irinsa. Gunduwa ta uku tana cikin aljihun akwati, a naɗe a takarda.